Zambwi Biyu Ne, Ummi

Gudu, Abuja.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin riga kin sauka Jalingo lafiya, kin sha ruwa, kin miƙe ƙafa. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa ki shiga aikin nan da ƙafar dama.

Tun hantsi nake zagaye gidan nan ba tare da na san abin da nake nema ba. Na buɗe jakarki na rufe, na sake buɗewa, na cire yajin na mai da shi wata leda. Abbanki ya gaji da kallona ya ce, "Hajiya, ki zauna mana. Tashar Jabi kawai za mu kai ta, ba yaƙi za ta ba." Na zauna, na kasa. Kin san halina, in na buɗe baki zan yi miki nasiha sai ta koma faɗa, ke ki tura baki, ni in ji haushi. Shi ya sa na ɗauko biro.

Abin da ya hana ni sukuni wata 'yar magana ce da kika yi shekaranjiya muna gyaran wake. Kika ce, kina dariya, "Umma, wai fa duk bayanan asibitin nan a kwamfuta ɗaya suke, irin na zamaninku." Sannan kika nuna mini saƙon da kamfanin da ya yi manhajar yake turo muku, mai ɗauke da labarai da dabaru, kika ce da zarar kin isa za ki share tarkacen da ke ciki ki ɗora musu sabon salo. Ni ma na yi dariya a lokacin. Amma na san wannan muryar. Tawa ce, lokacin da nake sa'arki.

Kin san Baba Danladi, mai kawo mana doya duk shekara. Kin sha jin shi da Abbanki suna tsokanata da "mai share gari." Ba ɓoyayyen abu ba ne, duk ofishinmu an sani. Sai dai ke gutsure-gutsuren labarin kika ji ana raha, ba ki taɓa jin sa daga farko ba. Yau za ki ji.

A Legas aka ɗauke ni aiki, a wata hukuma mai haƙa wa ƙauyuka rijiyar burtsatse. Kwamfuta ɗaya gare mu, a ɗaki mai sanyi, ana lulluɓe ta da ƙyalle in an tashi. Ni aka tura koyon aikinta saboda ina da saurin buga tafireta kuma ba na tsoron lissafi. Da na dawo na gina mana rumbun bayanai. Kowane ƙauye da layinsa: sunansa, gundumarsa, sunan mai garin, da ko suna da ruwan sha ko babu. Daga nan ake fitar da jerin waɗanda za a yi wa rijiya.

Kamfanin da ya sayar mana da manhajar yana aiko da 'yar mujalla ta gidan waya, daga ƙasar waje, takan iso a makare duk ta yamutse. A lokacin babu saƙon waya. Ummi, yadda kike ɗokin saƙon nan haka nake ɗokin mujallar. A cikin bas nake karanta ta, a tsaye, hannu ɗaya na riƙe da ƙarfe. Duk dabarar da na gani, ranar zan gwada ta. Kuma gaskiya na ƙaru da ita sosai, don babu wani malami da nake da shi a ƙasar nan sai ita.

Sai aka ce gwamnati ta tashi, kowa ya tattara ya nufi Abuja. Ofis ya rikice. Wasu na kuka, wasu na neman a bar su a baya, ni kuwa murna nake zan matso kusa da garinmu Zariya. Ina da ƙaramin cikinki a lokacin, komai warinsa nake ji. Na kwafe duk rumbun a kan faifai, irin baƙaƙen nan masu laushi da kika gani a akwatina kika ce kamar murfin littafi. Na jera su a kwali ɗaya da kwamfutar, aka ɗora a babbar mota.

Shugabanmu, Oga Bassey, mutum ne mai faɗa amma mai lura. Ya tsaya a kaina ya ce, da Turanci, "Madam Rabi, ba za ki riƙe wasu a jakarki ba?"

Na ce, "Oga, jakata ta cika. Ai na naɗe su da kyau."

Motar ta lalace bayan Lokoja. Ta yi kwanaki a bakin titi, rana ta dake ta, ruwa ya biyo baya, tamfol ɗin kuma yana yoyo. Da aka sauke kayan a Abuja na tarar faifan sun lanƙwashe, wasu har sun yi fumfuna. Ko ɗaya bai buɗe ba. Kwamfutar ce kaɗai Allah ya tsare, na kunna ta tashi. Na yi hamdala, na ce ai shi ke nan, ba a yi asarar komai ba.

To ki ji darasi na farko. Kwafin da ke kwana ɗaki ɗaya da asalinsa ba kwafi ba ne, don abin da zai ci wannan shi zai ci wancan. Ki ajiye ɗaya a ofis, ɗaya a wani ginin daban. Kuma kada ki yarda kina da kwafi sai kin ɗauke shi kin buɗe a wata kwamfutar, kin ga sunayen mutane da idonki. Na san a makaranta an gaya muku. Ni ma an gaya mini.

Abujar da muka tarar ba wannan da kika tashi a ciki ba ce. Jar ƙasa ce da ƙarar tifa da gine-ginen da ba a gama ba. Ofishinmu ɗaki biyu ne aka ara mana, kwalayen fayil su ne kujeru. Ofishin Abbanki bai taso ba tukuna, yana can Legas, ni na sauka nan Gudu wajen wata 'yar'uwar kakarki, lokacin unguwar ba ta wuce gidaje da 'yar kasuwa ba. Kullum a tsaitsaye nake. Ban san garin ba, ban san ranar da mijina zai zo ba, ban san inda zan haihu ba. Na rubuta a kawo mini sababbin faifai, aka ce sai an aiko daga Legas. Na jira, na manta. Duk ƙauyukan da hukumar ta sani suna cikin akwati ɗaya a kan tebur, a ɗakin da ake ɗauke wuta ba sallama.

A nan na san Baba Danladi. Injiniya ne, mutumin Gbagyi, Kirista, ɗan wajejen Bwari. Shi ya jagoranci masu zagaya ƙauyukan babban birnin suna rubuto halin ruwansu. Takardu suka yi ta shigowa, ni ina shigarwa. Da yake ƙungiya-ƙungiya suka fita, wani ƙauyen sai a rubuto shi sau biyu. Kwamfutar ta yi nauyi, in kin nemi abu sai kin je kin yi alwala kin dawo ba ta gama ba. Ga Oga Bassey yana so a fitar da jerin marasa ruwa kafin a ba da kwangilar shekara. Ga cikina ya tsufa, ina so in tafi gida.

Ana cikin haka mujallar ta biyo ni daga Legas. A shafin farko akwai wata dabara, 'yan layuka kaɗan, wadda ke nemo duk abin da aka maimaita ta share, ta bar guda. Na ji kamar don ni aka rubuta. Na gaya wa kwamfutar cewa duk layi biyun da sunan gari ya zo ɗaya, gunduma ɗaya, sunan gidan mai gari ɗaya, to abu ɗaya ne. Ban gwada a kan kwafi ba, don ba ni da shi. Ta tambaye ni ko na tabbata. Ina tsotsar tsamiya na danna mata e. Da ta gama na ba ta umarni ta goge su kwata-kwata don wuri ya samu.

Aiki ya yi sauri kamar sabuwa. Oga Bassey ya kira mutanen ɗaya ɗakin su zo su gani. Ranar har gida na kai murmushina.

Daga baya, bayan komai ya faru, na sake ɗauko mujallar. A bayan shafin, inda ban juya ba, sun rubuta gargaɗi: a fara gwadawa a kan kwafi, kuma kada a dogara da suna, a ba kowane layi lambarsa. Ba su yi mini ƙarya ba. Ni ce na karanta rabin da ya yi mini daɗi.

Don haka ki karanta saƙonninsu, ban hana ki ba, akwai ilimi a ciki. Amma ki karanta har ƙarshe. Ki tuna wanda ya rubuta yana zaune a wata ƙasa, yana rubuta wa duniya gaba ɗaya, kuma yana so ki sayi sabon abin da suka fitar. Bai san asibitinku ba. Bai san a layin awo ɗaya za a iya samun Aisha Muhammad da yawa, unguwa ɗaya, kusan shekaru ɗaya, amma jinin wannan daban da na waccan. In kika haɗe biyu suka zama ɗaya, ba layi kika gyara ba, wata za a ƙara wa jinin da ba nata ba. Suna ba shaida ba ne. Ki ba kowace mace lambarta. Kuma kada ki goge komai kwata-kwata. In kina zaton maimaici ne, ki sa masa alama ki ajiye shi gefe, ki tambayi wanda ya san mutanen.

Na tashi yanzu na leƙa waje, na ɗauka mota ce ta tsaya. Ba kowa. Bari in ci gaba.

Da zan tafi haihuwa na kulle rumbun da kalmar sirri. Na fitar musu da jerin a takarda, na lulluɓe kwamfutar, na tafi Zariya. Ban koya wa kowa ba, ban rubuta yadda ake yi ba. In an tambaye ni sai in ce tsoro nake kar a ɓata. Gaskiyar ita ce ina jin daɗin a ce sai Madam Rabi ta zo. Ni kaɗai ce mace a sashen, kuma wannan akwatin ne ya sa ake tashi a gaishe ni.

Ina cikin wankan jego, ke kina 'yar mitsitsiya mai kukan tsiya, aka ce ina da baƙo daga Abuja. Baba Danladi ne, ya zo barka da kaza a hannu. Kakarki ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Na fito na tsaya daga bakin ƙofa, jikina duk zafin ruwa. Bayan gaisuwa ya ce, da irin Hausarsa ta mutanen nan, "Madam, na duba takardan da ka bari. Ban ga Zambwi a ciki ba."

Zambwi garinsu ne, na sani. Sai zuciyata ta ba ni cewa alfarma ya zo nema wa mutanensa.

Na ce, "Injiniya, abin da kuka kawo shi na shigar. In babu Zambwi a jerin marasa ruwa, to Zambwi na da ruwa."

Ya ce, "Madam, Zambwi biyu ne fa."

Daidai nan kika tsala kuka daga cikin gida. Na ce masa in na dawo zan duba. Ya ce ko zan ba shi kalmar buɗe kwamfutar, akwai wani a ma'aikatar maƙwabta da zai iya taimaka masa. Na ce a'a, ba a yin haka. Ya sa takalminsa, ya yi mini fatan alheri, ya tafi. Kakarki ta dafa kazar, na ci.

Da na koma aiki an riga an raba kwangila. Na cika alkawari, na buɗe na duba, na ga Zambwi layi ɗaya, an rubuta suna da rijiya. Na kira shi na nuna masa da yatsa. Ya fara yi mini bayani, na katse shi na ce kwamfuta ba ta son kai. Daga ranar gaisuwarmu ta koma ta baki kawai.

Nan akwai biyu da nake so ki riƙe. Kada ki gina abin da ke kaɗai kika iya buɗewa. A watan farko ki zaɓi mutum biyu cikin ma'aikatan ki koya musu, ki rubuta matakan a takarda da harshen da za su gane, ki manna a bango. Za ki yi zazzaɓi, za ki zo biki, wata rana za ki haihu, aikin kuma ba zai jira ki ba. Ɗayan kuma ya fi wannan wuya. In wani ya zo ya ce abin da ke cikin kwamfutarki ba daidai ba ne, ki ajiye abin da kike yi ki saurare shi har ya kai aya, ko da kina zargin yana da wata manufa. Yana iya kasancewa da manufar kuma yana da gaskiya. Kwamfuta abin da kika gaya mata take maimaita miki, ba ta taɓa zuwa ko'ina ba.

Shekara ta zagayo. Abbanki ya dawo Abuja, kin fara rarrafe. Na lura Baba Danladi yana yawan neman izini, ya rame. Na ji a bakin mutane cewa mahaifiyarsa ba ta da lafiya, ban tambaye shi ba. Wata Juma'a ya shigo ɗakin kwamfuta ya tsaya, bai zauna ba.

Ya ce, "Madam, ba rigima na zo ba. Ina so ka zo ka gani da idonka. In ka gani ka ce ƙarya ne, ba zan sake magana ba."

Na gaya wa Abbanki ina tsammanin zai ce ba ruwana. Sai ya ce, "Mutum ya bi ki har Zariya da maganar nan. Gobe mu je."

Muka tafi da safe a motar Abbanki, kina bayana. Mun wuce Bwari kaɗan muka shiga wani gari mai manyan itatuwan mangwaro. Baba Danladi ya nuna mini rijiya mai murfin siminti, mata na jan ruwa. Ya ce, "Wannan Zambwi." Na ce a raina, to ai ga ta nan. Ya ce Abbanki ya ci gaba da tuƙi.

A hanya ya ba mu labarin da na hana shi bayarwa. Da aikin sabon birni ya ci gonakin wani ɓangaren garin, aka tashe su aka kai su wani fili can bayan duwatsu. Suka tafi da sunan garinsu, don ba su da wani. Mai garin can da mai garin nan wa da ƙane ne, uba ɗaya, shi ya sa sunan gidansu ya zo ɗaya. Ƙungiyarsa ta rubuto su duka biyun, daidai. Kwamfutata ta ga tagwaye, ta riƙe mai rijiya, ta share marar rijiya.

Muka bar motar inda hanya ta ƙare, muka taka. Damina ce, lokacin da bai kamata a sami namiji a gida ba. Amma ga su nan kwance a gindin bishiya, manya da samari, ƙafafu a kumbure, an ɗaɗɗaure da tsumma. Kurkunu ne. Ke ba ki san shi ba, Allah ya raba ku da shi. Tsutsa ce da ake sha a ruwan kududdufi, ta yi kusan shekara a jikin mutum, sannan ta huda fata ta fara fitowa, doguwa fara kamar zare. Ba a jan ta da ƙarfi, sai a naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, mutum na kwance yana jin kamar wuta. Gonakin doya na gefen hanya duk ciyawa ta cinye.

Mahaifiyarsa, Mama Saraya, tana zaune a ƙofar ɗakinta, ƙafa a miƙe, tsinken na ɗaure a idon sawunta. Ta tambaye shi da yarensu su wane ne. Ya amsa, na ji kalmar kwamfuta a ciki. Ta dube ni ta ce, "Kai ne mai rubuta sunan gari?"

Na durƙusa na ce, "Ni ce, Mama. An rubuto sunanku, ni na share shi."

Ta juya wajen ɗanta, ya fassara mata. Ta yi ta ƙoƙarin gane yadda ake share gari a cikin akwati. Sai ta yi 'yar dariya ta ce, "To ai ga mu nan zaune."

 Ta miƙo hannu na kwance ki na ba ta. Ta ɗora ki a cinyarta mai lafiya tana yi miki wasa. Can kika fara ƙorafin ƙishi, wata mata ta taso da ƙwarya za ta taimaka. Mama Saraya ta daka mata tsawa da yarensu, ta ture ƙwaryar har ruwan ya zube. Ta ce da ni, "Kar ka ba yaro ruwan nan. Ka ba shi nono har ku koma."

Ummi, ki fahimce ni. Ban ce ni na kawo musu kurkunu ba, yana nan tun ranar da aka sauke su a gefen kududdufin. Amma da sunansu na cikin jerin, da rijiyarsu ta zo a ranin da ya wuce, da ruwan da suka ci gaba da sha bai shiga cikinsu ba. Wannan ƙarin da hannuna a ciki.

Ranar Litinin na shiga wajen Oga Bassey yana tare da mutane, ban jira su fita ba, don na san in na jira zan sassauta maganar. Na faɗa masa abin da na yi daga farko. Ya yi faɗa har na ɗaya ɗakin suka leƙo. Ya tambayi kwafin da za a dawo da abin da aka share, na ce babu. Ya cire tabarau ya ajiye ya ce, "To ƙauye nawa kika share?" Na ce ban sani ba. Wannan amsar ta fi komai yi mini ciwo, don ita ce gaskiya.

An ba ni takardar gargaɗi, aka jinkirta ƙarin girmana. Kasafin shekarar ya riga ya rufe, babu yadda za a yi a cusa Zambwi. Abin da Oga ya iya shi ne ya sa aka kai musu ƙyallen tace ruwa, ya kuma sa hannu Zambwi ta zama ta farko a jerin gaba. Takardun zagayen farko kuwa sun tarwatse a ƙaurar ofis daga ɗakunan aro, wasu gara ta ci. Dole muka sake fita, ni da Baba Danladi da direba, gari-gari, cikin taɓo, ina barin ki wajen 'yar'uwar kakarki. Mun samo wasu 'yan ƙauyuka da suka ɓace kamar Zambwi. Kowanne na ba shi lamba a gaban mai garinsa. A wannan yawon ne ni da shi muka shirya, ba tare da wani ya ce a yafe ba. Wata rana dai ya miƙo mini gasasshiyar masara, na karɓa.

Rijiyar ta zo da rani. Mama Saraya ta sha ruwanta shekaru da dama, amma ƙafar ta riga ta sandare, da sanda ta ƙarasa rayuwarta. Da ta rasu mun je da Abbanki, muka zauna a bayan cocinsu har aka gama.

Saboda haka in kin yi ɓarna, ki faɗa da wuri, da bakinki, ga wanda zai iya gyarawa. Faɗan shugaba na yini ɗaya ne. Wanda ke can ƙarshen layin shi ke ɗaukar kowane jinkiri a jikinsa.

Sauran ƙanana ne, ina rubuta su yadda suka zo mini. Kada ki ɗora sabon salon nan a watanki na farko, ki fara sanin dalilin da ya sa wanda ya gina tsohon ya yi shi haka, wataƙila ba wawa ba ne. In za ki ɗora, kada ya zama jajibirin ranar awo, kuma ki tabbata kina da hanyar komawa baya. Ki tambayi yadda wutarsu take kafin ki tambayi komai. Kada ki raina kwamfutar don ɗaya ce kuma tsohuwa. Kafin ki zauna gabanta, ki roƙi babbar nas ta zagaya da ke ɗakin masu haihuwa, ki gaishe su, ki ji sunayensu daga bakinsu. Ki riƙa cin abinci kafin ki fita, ulsa ba ta san kina da aiki ba. Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki gaida matar gidan da za ki sauka kamar yadda kike gaishe ni, har ma fiye. Abbanki ba zai ce ki kira shi ba, amma zai yi ta duba wayarsa, don haka ki kira.

Ni kuma ga abin da nake roƙo. Na san za ki kira ni ranar da aka yabe ki, kuma zan ji daɗi. Amma akwai ranar da za ki danna wani abu, ki ga allon ya nuna abin da ba ki zata ba. Tana nan zuwa, tana zuwa wa duk mai wannan sana'a. Ranar ki ɗauke hannunki daga kan kwamfutar, kada ki yi ƙoƙarin gyarawa cikin firgita, kada ki ɓoye. Ki fita waje ki kira ni. Ba zan yi miki faɗa ba, ba ni da bakin yi. Zan ce ki ja numfashi ki gaya mini abin da kika danna, daga nan mu nemi hanya tare.

Allah ya yi miki albarka, Ummi. Ya tsare hannunki daga cutar da wanda ba ki gani ba, ya sa matan da za ki riƙe sunayensu su sauka lafiya, ya kare ki a fitarki da shigarki, a cikin mutane da lokacin da kike ke kaɗai. Na ba shi ajiyarki, shi ne mafi tsaron masu tsaro. Ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Rabi